Me ya sa manuni ba ya komawa mazauninsa bayan sikirif ɗin JAWS ya gama aiki?

Tambaya: Malam, na rubuta ɗan sikirif, wato jerin umarni, na JAWS, manhajar da ke karanta wa makafi allon kwamfuta, domin manhajar shigar da bayanai da muke aiki da ita a ofis, wanda zai nemo madannin "Aika" a kan allo ya danna shi. Na fara da JAWSCursor, na biyo da SaveCursor, na rufe da RestoreCursor. Dannawa dai yana dannawa, amma da ya gama sai maɓallan kibiya su daina tafiya a cikin rubutuna, su koma karanto mini abubuwan da ke gefen taga. Da na juya jerin na sa SaveCursor a farko, kibiyoyin sun dawo daidai, amma abokin aikina mai gani ya ce linzami yana tsayawa a kan madannin, kuma wani ɗan akwatin bayani yana fitowa ya rufe lambobin da ke ƙasa. Ina kuskuren yake?

Amsa: Malam, kurakuran nan biyu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kuma da wuya a sami wanda ya taɓa buɗe Script Manager, wurin rubuta sikirif na JAWS, da Insert+0 bai yi su ba, ni kaina ban tsira ba. Tushensu shi ne ɗaukar SaveCursor a matsayin umarnin da ke adana halin da kwamfuta take ciki baki ɗaya, alhali abin da yake riƙewa bai kai haka ba ko kusa. Abu biyu kacal yake adanawa: sunan manunin da ke aiki a daidai lokacin da aka kira shi, sannan kuma, idan wannan manunin na JAWS ne ko ɓoyayye ko na birel, wurin da yake tsaye a kan allo. Duk manunin da ba shi ne ke aiki ba a wannan lokacin, SaveCursor bai ma san da zamansa ba.

Sai an bambance manunan da kyau kafin wannan magana ta zauna. Tun lokacin da Ted Henter ya fitar da JAWS domin DOS a 1989, da kuma fitowar ta Windows a 1995, ana buƙatar hanya biyu ta kallon allo: wurin da manhaja take jiran rubutu, da kuma sauran wuraren da mai gani ke leƙawa da ido ba tare da ya taɓa komai ba. Manunin PC shi ne na farko, wato fokas na Windows, wurin da ke karɓar abin da aka danna a kibod, tare da ɗan sandan nan mai ƙyaftawa a cikin rubutu. Wannan manunin mallakar manhajar da kake ciki ne, JAWS bin sa kawai take yi. Manunin JAWS kuwa shi ne linzami da kansa, ba wani abu mai kama da shi ba. Duk inda ka kai shi, kibiyar linzami ta tafi can, kuma manhaja tana jin isowarta kamar yadda za ta ji idan hannun mutum ne ya ja ta. Ɓoyayyen manuni yana yawo duk inda manunin JAWS ke iya zuwa, yana karanta abin da yake karantawa, amma ba ya jan linzami, saboda haka manhaja ba ta san an zo ba, kuma ba a iya danna komai da shi. Akwai kuma manunin shafukan intanet da manunin taɓawa, amma matsalarka tana tsakanin ukun farko.

To, mu bi sikirif ɗinka na farko layi-layi. Kana cikin rubutu, manunin PC ne ke aiki, ka danna maɓallin sikirif. JAWSCursor ya kunna manunin JAWS. SaveCursor ya duba ya ga manunin JAWS ne ke aiki, ya rubuta sunansa da wurinsa. Da RestoreCursor ya zo, ya cika alkawari daidai yadda aka ɗauka: ya mayar da linzami inda yake, ya bar manunin JAWS a kunne. Babu inda aka rubuta cewa da manunin PC ka shigo, shi ya sa kibiyoyinka suka koma yawo a gefen taga. A na biyu kuma SaveCursor ya riƙe sunan manunin PC, sannan ka kunna na JAWS ka ja linzami zuwa madannin ba tare da an rubuta inda ka ɗauko shi ba. RestoreCursor ya mayar da kai manunin PC, linzami kuwa aka bar shi a kan "Aika", manhaja ta ga ya daɗe a wurin ta fito da akwatin bayaninta. Kowane ɗaya daga cikin jerin biyu ya adana rabin abin da ake buƙata.

Gyaran ya dogara da sanin cewa JAWS ba wuri ɗaya take da shi na ajiya ba. Tari take yi, kamar faya-fayan da aka ɗora ɗaya bisa ɗaya, wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara ɗagawa. Saboda haka ana kiran SaveCursor sau biyu, na farko kafin a sauya manuni, na biyu bayan an sauya amma kafin a motsa shi:

Include "hjconst.jsh"

Script DannaAika ()
var handle taga
let taga = GetRealWindow (GetFocus ())
SaveCursor ()
JAWSCursor ()
SaveCursor ()
if FindString (taga, "Aika", S_BOTTOM, S_UNRESTRICTED) then
LeftMouseButton ()
Pause ()
else
SayString ("Ban ga madannin ba")
endIf
RestoreCursor ()
RestoreCursor ()
EndScript

RestoreCursor na farko ya ɗaga faifan da ke sama, ya mayar da linzami mazauninsa. Na biyu ya ɗaga na ƙasa, ya kunna manunin da mutum ya shigo da shi, ko wanne ne. Wannan kalma ta "ko wanne ne" ita ce dalilin da ya sa ba na son ganin sikirif da aka rufe da PCCursor kai tsaye a madadin RestoreCursor, duk da cewa ana yawan yin haka kuma yana aiki a mafi yawan lokuta. Mutumin da ya kwashe minti biyu yana lallaɓawa da manunin JAWS har ya kai wani layi a cikin dogon rahoto, ya danna maɓallinka domin jin wani abu, sai ka jefa shi manunin PC, ka ɓata masa aikin da bai ba ka izinin taɓawa ba. Marubucin sikirif aro yake yi, kuma abin da aka ara ana mayar da shi inda aka ɗauko shi ne, ba inda mai aro ya ga ya fi dacewa ba.

Ka lura kuma na ɗauko lambar taga da GetFocus tun kafin in taɓa kowane manuni, kuma LeftMouseButton yana cikin sharaɗi. Idan FindString bai ga kalmar ba, linzami yana nan inda aka bar shi tun ɗazu, kuma danna shi a wannan halin danna abin da ba ka sani ba ne; yana iya zama madannin rufe taga ko na share bayani.

Inda karatu kawai kake so, ba dannawa ba, kada ka kusanci manunin JAWS ko kaɗan. Domin karanta layin bayani da ke ƙasan taga, jerin shi ne SaveCursor, InvisibleCursor, SaveCursor, RouteInvisibleToPC, JAWSPageDown, JAWSHome, SayLine, sannan RestoreCursor sau biyu. Wani zai ce me ya sa za a damu da adana wurin ɓoyayyen manuni tunda ba wanda ke ganinsa. Dalili shi ne ƙwararrun masu amfani suna ajiye shi da gangan a kan wani wuri da suke son leƙawa akai-akai, kamar jimillar kuɗi ko agogon kira, su koma gare shi ta hanyar danna maɓallin ragi na gefen lambobi sau biyu. Wanda ya kwashe shi daga wurin ya yi musu ɓarna, kuma ba za su taɓa zargin sikirif ɗinka ba, kansu za su zarga.

Yanzu sai abin da ya fi rikita mutane, kuma shi ne zai same ka nan gaba kaɗan idan ba mu yi maganarsa yanzu ba. Idan manunin PC ne ke aiki, SaveCursor sunansa kawai yake adanawa, ba ya adana wurinsa. Ba zai iya ba ma, domin fokas da sandan rubutu suna hannun manhaja. Ke nan idan sikirif ɗinka ya kira NextLine sau uku alhali manunin PC yana kunne, sandan rubutun mutum ya sauka layi uku da gaske, kuma RestoreCursor ba zai hau da shi ba. Haka nan idan dannawar da ka yi ta kai fokas wani wuri, "komawa manunin PC" ma'anarta komawa duk inda fokas yake yanzu. Wanda yake son fokas ya koma filin da aka baro sai ya riƙe lambar tagar da GetFocus a cikin wani ma'aji tun farko, ya miƙa ta ga SetFocus a ƙarshe, bayan ya tabbatar tagar tana nan ba ta rufe ba. Sai dai a nan akwai shawarar da kai ne za ka yanke, ba JAWS ba. Idan danna "Aika" yana buɗe akwatin tambaya na tabbatarwa, to nan ne ya kamata mutum ya sami kansa, kuma janye fokas daga wurin zai bar akwati a buɗe yana jiran amsa ba tare da makaho ya san yana nan ba. Ƙa'idar da nake bi ita ce: abin da na motsa domin biyan buƙatar sikirif, ni zan mayar da shi, abin da ya motsa saboda aikin da mutum ya nema, a bar shi inda aikin ya kai shi.

Takardun Freedom Scientific, kamfanin da ke yin JAWS, sun bayyana cewa idan sikirif ya ƙare ba a kira RestoreCursor ba, JAWS za ta kira shi da kanta. Gaskiya ne, kuma shi ya sa sikirif da yawa masu sakaci suke tafiya lafiya shekara da shekaru. Amma ban ba ka shawarar jingina da wannan ba. Ranar da ka sa waɗancan layuka cikin madauki mai maimaitawa, tarin ajiyar zai fara ɗaukar faya-fayan da ba ka ƙirga ba, kuma RestoreCursor da ke biye zai iya ɗaga faifan da ba nasa ba. Kowane aiki ya fita da tarin a tsayin da ya same shi.

Abin da ke wahalar da wannan shi ne harshen sikirif na JAWS ba shi da tsarin da ke tabbatar da an gudanar da layukan gyara ko ta wace ƙofa aka fita. Duk Return, wato umarnin ficewa daga sikirif, da ka sa a tsakiya ƙofa ce da za a iya ficewa ta cikinta a bar kaya a warwatse. Na koyi wannan da tsada. Na taɓa rubuta wa wata ma'aikaciya sikirif da ke kashe murya da SpeechOff domin kada ta ji surutun da JAWS ke yi yayin da yake ratsa filaye, ya kunna ta da SpeechOn a ƙarshe. A tsakiya na sa sharaɗin cewa idan ba a ga filin ba a fita. Makonni yana aiki, sai ranar da aka sabunta manhajar ofishin aka sauya sunan filin. Ta danna maɓalli, kwamfuta ta yi tsit. Ta cire abin kunne ta mayar, ta ƙara sauti har ƙarshe, ta kira mai gyara, shi kuma ya ga allo lafiya lau ya ce ba abin da ya lalace. Layi ɗaya ne da na sa a inda bai dace ba. Tun daga ranar nake gina sikirif da ƙofar fita guda: duk binciken da zai iya hana aiki in yi shi a sama kafin in adana ko in sauya komai, abin da ya rage kuma ya shiga cikin if da else, kowane reshe ya gangaro zuwa layukan mayarwa iri ɗaya.

Murya ba ita kaɗai ce irin wannan hali ba. Iyakar yawon manuni, wadda mai amfani ke sauyawa da Insert+R, ita ma saiti ce da mutum ya zaɓa da dalili. Idan sikirif zai sauya ta da SetRestriction, ya fara karanta wadda ya tarar da GetRestriction, ya riƙe ta a ma'ajinsa, ya mayar kafin ya fita.

Sai batun lokaci, wanda shi ne ke haifar da kurakuran da ke zuwa yau su ɓace gobe. Pause ɗin da na sa bayan dannawa yana ba manhaja damar karɓar dannawar kafin a janye linzami. Delay kuma yana ƙirga kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wato Delay na 5 rabin daƙiƙa ne. Matsalar ita ce a lokacin wannan jira duniya ba ta tsaya ba: fokas na iya sauyawa, sabon rubutu na iya bayyana, kuma ayyukan JAWS da ke amsa waɗannan abubuwa, irin su FocusChangedEvent da NewTextEvent, suna iya gudana alhali manunin da ka ara ne ke kunne. Abin da za su karanto ba lallai ya zama abin da mutum ke tsammani ba. Saboda haka tazarar da ke tsakanin sauya manuni da mayar da shi ta zama gajera iyakar iyawa: ka ɗauko rubutun da GetLine ka riƙe, ka mayar da manuni, sannan ka yi lissafinka da maganarka a natse. Idan jiran mai tsawo ne, kamar jiran shafi ya loda, to ScheduleFunction ya fi, amma ka tuna aikin da aka tsara yana gudana ne bayan sikirif ya riga ya ƙare, lokacin da mai yiwuwa mutum ya sauya manuni ko ma ya koma wata manhaja. Dole ya duba inda yake, ya yi nasa adanawa da mayarwa daga farko.

Bayan duk wannan, ra'ayina shi ne sikirif ɗinka zai fi ƙarko idan bai taɓa manuni ba sam. Ka kai fokas kan madannin, ka danna Control+Insert+F1, JAWS za ta nuna maka lambar shaidarsa da ajin tagarsa. Idan manhajar tana amfani da tagogin Windows na asali, FindDescendantWindow zai nemo madannin da wannan lambar, FindWindow zai nemo layin bayani na ƙasa da sunan ajinsa, wanda a manhajoji da yawa msctls_statusbar32 ne, GetWindowText kuma ya ɗauko rubutun ba tare da an motsa komai ba. Idan sabuwar manhaja ce, akwai UI Automation, wadda JAWS ke buɗe wa sikirif ƙofarta, inda ake umartar madanni ya yi aikinsa ba tare da linzami ya je kansa ba. Wannan ba tsafta kawai ba ce. Manunin JAWS da ɓoyayye sun ginu ne a kan kwafin allo da JAWS ke haɗawa daga rubutun da ta ga ana zanawa, kuma manhajojin zamani da yawa suna zana allonsu ta hanyar da wannan kwafin ke fitowa fayau. Bugu da ƙari, kalmar "Aika" na iya bayyana a cikin rubutun da mutum ya shigar, FindString ya tsaya a kanta, ka danna tsakiyar jimla. Kafin duk wannan ma, ka bincika ko madannin yana da maɓallin gajeriyar hanya a kibod. Idan yana da shi, TypeKey layi ɗaya ya gama maganar.

Tunda lasisin JAWS yana da tsada, kuma ba tare da shi ba minti 40 take aiki kafin a sake kunna kwamfuta, mai yiwuwa wata rana a ce ka mayar da aikin nan kan NVDA, wata manhajar karanta allo, wadda Michael Curran ya fara a Ostireliya a 2006 kuma kyauta ce. Tunanin ɗaya ne, kayan aikin ne suka bambanta. A can akwai fokas, da sandan rubutu, da abin kewayawa, da manunin bita, da linzami, kowanne da nasa hali, kuma babu wani tarin ajiya da aka tanadar maka. Da Python ake rubutu, kai ne za ka riƙe abin da api.getNavigatorObject ya ba ka, ka riƙe wurin linzami daga winUser.getCursorPos, ka mayar da su a cikin finally, sashen da ke gudana ko ta wace ƙofa aka fita, wanda shi ne tabbacin da harshen JAWS ya rasa. Tarko biyu ne ke kama sababbi. Na farko, abin da api.getReviewPosition ke bayarwa shi ne ainihin wurin bitar mutum, ba kwafi ba. Idan ka faɗaɗa shi ko ka matsar da shi ba ka kira copy ba, ka matsar da mutumin ne, shi ya sa ita kanta NVDA take kwafe shi kafin ta karanta layi. Na biyu, sauya abin kewayawa yana share wurin bita, saboda haka wajen mayarwa abin kewayawa ne farko, wurin bita ya biyo baya.

Wajen gwaji, kada ka tsaya a hanyar da kai kake bi kullum. Alt+Delete yana faɗin manunin da ke aiki da wurinsa, don haka ka danna shi kafin sikirif da bayansa, ka kwatanta. Ka yi haka kana kan manunin PC, ka sake kana kan na JAWS, ka sake kana kan ɓoyayye. A kwamfutar hannu marar gefen lambobi, CapsLock+P ne ke kunna manunin JAWS, CapsLock da waƙafi mai ɗigo kuma na PC. Sannan ka gwada a tagar da babu madannin "Aika" sam, domin reshen rashin nasara shi ne wanda ba a cika gwadawa ba, kuma a nan nawa kuskuren ya ɓoye. Daga ƙarshe ka roƙi abokin aikin naka ya zauna kusa ya kalli kibiyar linzami lokacin da kake danna maɓallin: ya kamata ya ga ta yi tsalle zuwa madannin ta dawo inda take, kuma akwatin bayanin bai sami lokacin fitowa ba.